Ƙarshen Line of Duty: masu kallo sun nemi ƙasurgumi, aka ba su Buckells

A daren Lahadi 2 ga Mayun 2021, mutum kusan miliyan 12.8 a Birtaniya suka zauna gaban talabijin don ganin kashi na bakwai, wanda ya rufe zango na shida na Line of Duty, shirin BBC mai dogon zango a kan 'yan sandan da aikinsu shi ne binciken 'yan uwansu 'yan sanda. Shekara tara ke nan ana jan zaren labarin, tun 2012. Kowa ya zo ne da tambaya guda: wane ne H, babban jami'in da ke zaune a cikin rundunar yana yi wa gungun miyagu aiki? Da aka buɗe ƙofar ɗakin tambayoyi aka shigo da mutumin, sai ga Ian Buckells. Kafin gari ya waye, Twitter ta cika da ƙorafi. Wasu suka ce an ɓata musu shekaru, wasu suka ce marubucin, Jed Mercurio, ya rasa yadda zai kwance ƙullin da ya ɗaura ne kawai.

Ni ina ganin wannan zaɓi shi ne abu mafi gaskiya da shirin ya taɓa yi. Kuma fushin da ya biyo baya ya nuna wani abu game da mu masu kallo, wanda ya fi ƙarfin maganar talabijin.

Ga wanda bai san shirin ba, labarin wani sashe ne mai suna AC-12 a rundunar 'yan sandan wani birnin Ingila da ba a ambaci sunansa ba. Shugabansa Ted Hastings ne, dattijo ɗan Ireland ta Arewa mai tsananin riƙo da doka, sai matasa biyu da ke ƙarƙashinsa, Kate Fleming da Steve Arnott. A ƙarshen zango na uku an harbe wani gurɓataccen jami'i, Dot Cottan, kuma kafin ya cika ya bar wata alama da aka fassara da harafin H. Daga baya aka gane cewa mutum huɗu yake nufi. Uku sun bayyana, saura na huɗu. Masu kallo suka yi ta hasashe. An zargi shugaban rundunar baki ɗaya, Philip Osborne. An zargi Patricia Carmichael, jami'ar nan mai murmushin da ke sa gaban mutum faɗuwa. Har Hastings kansa bai tsira ba. Buckells kuwa ba wanda ya ɗauke shi da muhimmanci, domin tun zangon farko an san shi da kasala, da son wasan golf, da ɓata duk binciken da aka damƙa masa. Abin da ya tona shi ma ƙaramin abu ne: wata kalmar Turanci da ya saba rubutawa ba daidai ba, wadda aka gani a saƙonnin miyagun, aka kuma same ta a tsofaffin rahotanninsa na aiki.

Abin da mutane suka manta da shi a cikin fushi shi ne, duk lokacin da Buckells ya sake bayyana a shirin, da ƙarin girma yake zuwa. A zangon farko sufeto ne. A na huɗu ya zama babban sufeto. A na shida ya kai sufuritanda, yana shugabantar sashen da ke binciken kisan wata 'yar jarida, Gail Vella. Bai taɓa yin wani aikin a zo a gani ba. Shaidu sun salwanta a hannunsa, takardu sun ɓace, an makara wajen kame, amma shekara da shekaru ba a tsayar da shi an tambaye shi dalili ba. Kowa ya ce ai Buckells ne, haka yake. A ɗakin tambayoyin, masu binciken sun faɗa masa ƙarara cewa cin amanarsa ta ɓoye ne a bayan rashin iya aikinsa. Shi kuma ya ce ba shi ya tsara komai ba, saƙo kawai yake isarwa tsakanin ƙungiyoyin miyagu, manyan da suka gabace shi sun mutu ko sun tsufa, sai abin ya gangaro kansa. Ba aƙida, ba wani dogon shiri. Kwaɗayin gida da kadara ne, da kuma sanin cewa ba mai dubawa.

To me ya sa wannan ya yi wa mutane ciwo haka? A ganina, saboda ƙasurgumin mugu mai kaifin basira yana kwantar da hankali. Idan mutum ɗaya ne ya kitsa komai daga sama, ranar da aka sa masa ankwa magana ta ƙare, kowa ya je ya yi barci. Sauran jami'ai sun fita da hannu tsarkakke, tunda wanda ya fi su wayo ne ya yaudare su. Buckells bai ba da wannan sauƙin ba. Mutum irinsa ba ya hawa sai an ɗaga shi. Akwai wanda ya sa hannu a takardar ƙarin girmansa, ba sau ɗaya ba. Akwai wanda ya karanta rahotonsa mai cike da giɓi ya ce ya wadatar. Akwai abokan aikin da suka ga abin da ke faruwa suka kau da kai saboda fansho da zaman lafiyar ofis. Da zarar an yarda cewa Buckells ne, dole a juya a kalli dukan ginin da ya ɗauke shi shekara da shekaru, kuma wannan kallon ba shi da daɗi.

Mercurio bai ƙirƙiri wannan daga iska ba. A zango na shida, abin da Gail Vella ke tonowa har aka kashe ta shi ne mutuwar wani baƙar fata, Lawrence Christopher, wanda wasu samari farare suka kai wa hari, ya kuma mutu a hannun 'yan sanda. Sunan haɗi ne na mutum biyu na gaske. Na farko Stephen Lawrence, ɗan shekara 18, wanda aka daɓa wa wuƙa a tashar bas a unguwar Eltham ta Landan ranar 22 ga Afrilun 1993. Cikin 'yan kwanaki mutanen unguwa suka kai wa 'yan sanda sunayen waɗanda ake zargi, amma sai da aka yi mako biyu kafin a kama kowa. Daga baya, a gaban kwamitin bincike na Sir William Macpherson, babban jami'in da ya jagoranci binciken, mai muƙamin sufuritanda, ya amsa cewa bai fahimci ikon da doka ta ba shi na kama mutum bisa zargi mai tushe ba. Rahoton kwamitin na 1999 ya shahara ne da cewa wariyar launin fata ta yi katutu a tsarin 'yan sandan Landan, amma a jimlar da ya faɗi haka ya ambaci wasu abubuwa biyu: rashin ƙwarewa a aiki, da gazawar manyan jami'ai wajen shugabanci. Sai a Janairun 2012, bayan shekara kusan 19, aka samu mutum biyu da laifin kisan. A 2014 wani bincike da lauya Mark Ellison ya jagoranta ya ce akwai dalilin zargin ɗaya daga cikin jami'an farko da cin hanci, ya kuma tabbatar da cewa 'yan sandan ciki sun yi leƙen asiri a kan masu fafutukar da ke kewaye da iyalin yaron.

Na biyu Christopher Alder, tsohon soja ɗan Birtaniya mai asali da Najeriya. A Afrilun 1998 ya mutu a kwance a ƙasa a wani ofishin 'yan sanda a birnin Hull, hannuwansa a baya, numfashinsa na sarƙewa, jami'ai na tsaye a kansa, kyamarar ofishin na ɗauka. Binciken musabbabin mutuwa a 2000 ya yanke cewa kisa ne ba bisa doka ba. An gurfanar da jami'ai biyar a 2002, alƙali ya ba da umarnin a sallame su. Sannan a 2011 aka gano gawarsa a ɗakin ajiye gawa na Hull, shekara 11 bayan danginsa sun yi jana'izar da suka ɗauka tasa ce. Gawar wata mata aka ba su suka binne. Duk wanda ya san nauyin gawa da haƙƙin mamaci a kan masu rai ya san girman wannan abu. A dukan labarin nan babu wani shugaban miyagu mai ɓoyayyen suna. Mutane ne masu albashi da kaki, kowa ya yi sakaci a nasa ɓangaren, kowa ya samu wanda ya rufa masa.

Akwai ma abin da ya fi wannan kusa da shirin. Mako shida bayan an nuna kashin ƙarshen, ranar 15 ga Yunin 2021, wani kwamiti mai zaman kansa ƙarƙashin Baroness Nuala O'Loan ya fitar da rahoto mai shafi sama da 1,200 a kan kisan Daniel Morgan. Morgan mai binciken sirri ne mai zaman kansa, an same shi da gatari a kai a wurin ajiye motoci na wata mashaya a Sydenham, kudancin Landan, a Maris na 1987. An yi bincike a kan bincike, shari'ar da aka fara ta rushe a 2011, kuma ba a taɓa samun kowa da laifin kisan ba. Tun daren farko aka ɓata lamarin: ba a bincike wurin yadda ya kamata ba, ba a tsare shi ba. Wani sajan da ke cikin masu binciken farko abokin abokin kasuwancin Morgan ne, daga baya kuma ya bar aikin ɗan sanda ya shiga kamfanin da mamacin ya bari. Kwamitin, wanda Theresa May ta kafa a 2013 tana ministar cikin gida, ya shafe shekara takwas, kuma ya ce wani ɓangare na jinkirin daga rundunar 'yan sandan Landan ne, wadda ta yi ta jan ƙafa wajen ba shi damar shiga rumbun bayananta. Hukuncinsa shi ne, hukumar da ke ɓoye gazawarta ko musanta ta don kare sunanta, wannan ɓoyewar kanta wani nau'i ne na rashawa da ta zama jinin hukuma. Shugabar 'yan sandan Landan ta lokacin, Cressida Dick, ta ƙi yarda da wannan siffa.

Wanda ya ga kashin ƙarshen ya riga ya ji irin wannan musun. Ana gab da rufewa, Osborne ya tsaya gaban 'yan jarida yana cewa wasu 'yan tsirarun baragurbi ne kawai, an kuma kawar da su. Mai karatu a Kano ko Maradi ba ya buƙatar a fassara masa wannan jawabi, ya sha jin irinsa daga bakin masu magana da yawun hukumomi: wake ɗaya ne ya ɓata gari, an tsince shi, a ci gaba da tuwo. Shi kuwa Osborne, masu kallon farko sun san shi. A kashi na ɗaya na zangon farko, 'yan sandan yaƙi da ta'addanci suka faɗa gidan da ba shi ba ne, suka harbe wani mutum marar laifi, Karim Ali, yana riƙe da jaririnsa. Osborne ne ya tara jami'an ya ce kowa ya faɗi magana iri ɗaya a gaban kotu. Steve Arnott ya ƙi, abin da ya raba shi da sashensa ke nan. Bayan shekara tara, mai ƙin yin ƙarya yana fama da ciwon baya da ƙwayoyin rage zafi, mai shirya ƙaryar kuma ya zama shugaban runduna. Ba a rasa masu tuna Jean Charles de Menezes ba a nan, ɗan Brazil mai gyaran wutar lantarki da 'yan sanda suka harbe a tashar jirgin ƙasa ta Stockwell da ke Landan ranar 22 ga Yulin 2005 bisa zaton ɗan ƙunar baƙin wake ne. Ba a gurfanar da jami'i ko ɗaya a kan kansa ba, rundunar aka ci tara a 2007. Adalci ne a faɗi cewa masu taya alƙali hukunci sun ce ba su ɗora wa Cressida Dick, wadda ta jagoranci aikin ranar, laifi a kanta ba. Amma iyalin mamacin suna da haƙƙin jin ciwo a 2017 da aka naɗa ta shugabar rundunar duka.

Ban ce masu ƙorafi ba su da hujja ba. Suna da ita, har guda biyu masu ƙarfi. Mercurio da kansa ya koya wa mutane jiran ƙasurgumi. Shi ya yi shekaru yana watsa alamu, yana sa kyamara ta tsaya a fuskar wannan da wancan, yana rufe kowane kashi da abin da zai hana mutum barci. Wanda ya yi wa jama'a alƙawarin tsawa bai kamata ya yi mamaki ba idan sun ji haushin yayyafi. Kuma kashin kansa yana da rauni a matsayin wasan kwaikwayo. An yi gaggawa a wurare. Ceto Jo Davidson, jami'ar da ta jagoranci binciken kisan Gail Vella kafin a kama ta da yi wa miyagu aiki, daga motar fursuna ya zo da sauƙin da bai dace da shirin ba. Marcus Thurwell, tsohon jami'in da ya jagoranci binciken Lawrence Christopher, wanda aka yi ta kambama sunansa, hotonsa kawai muka gani sai gawarsa a Sifaniya. Shi ma Buckells ɗin an bar shi yana lilo tsakanin wawa da mai wayo, wani lokaci yana rawar jiki, wani lokaci yana alfahari da cewa ya mai da kowa sakarai. Da an ba wa tambayoyin nasa lokaci irin wanda aka ba Lindsay Denton, jami'ar da AC-12 ya bincika a zango na biyu, inda ake zama minti da yawa a ɗaki ɗaya ba a motsi amma zuciya na bugawa, da mutane da yawa sun karɓi abin.

Hujja ta biyu ta fi damuna, domin ta shafi ra'ayina kai tsaye. Idan aka ce laifin na tsari ne, ba na mutum ɗaya ba, akwai haɗarin a wayi gari laifin kowa ya zama laifin babu kowa. Manya na son wannan magana idan ta zo musu da sauƙi: a kafa kwamiti, a ce an koyi darasi, a canza wa sashe suna, kowa ya koma kujerarsa. Amma shirin bai faɗa wannan ramin ba. Tsarin da ya nuna yana da sunaye da fuskoki. Osborne na cikin tawagar da ta ɓata binciken Lawrence Christopher tare da Buckells da Thurwell. Da aka tambayi Buckells ko shugaban rundunar na da hannu a kisan 'yar jaridar, sai ya yi gum. Carmichael ta ga inda zaren ya nufa ta zaɓi ta tsaya a inda ba zai taɓa kujerarta ba. An tilasta wa Hastings ritaya, an shirya haɗe AC-12 da wasu sassa a rage ma'aikatansa ƙwarai. Rubutun da ya fito a allo a ƙarshe ya ce rundunar ta nemi kotu ta hana a saurari shaidar da ta shafi rashawar hukuma a shari'ar Buckells, da sunan kare maslahar jama'a, ya kuma ce ƙarfin AC-12 na hana ɓarna a ofisoshin gwamnati bai taɓa yin rauni kamar yanzu ba. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai wani ne ya yanke shi, ya sa hannu, da rana tsaka.

Nan ne nake ganin tambayar da ta shafi jama'a take, a Birtaniya da ko'ina ake da hukuma mai kaki ko mai hatimi. Mun saba ɗaukar cin hanci a matsayin laifi, sakaci kuma a matsayin hali. Wanda aka kama da kuɗi a hannu ɓarawo ne, wanda fayil ya ɓace a teburinsa sau goma kuwa sai a ce bai da kuzari, a yi masa canjin wurin aiki, wani lokaci ma a ƙara masa girma don a rabu da shi. Ga uwar da aka kashe wa ɗa, bambancin ba shi da amfani, tunda ko an sayi jami'in ko barci ya yi, makashin na yawo a gari. Kuma muddin sakaci ba shi da hukunci, ya zama mafaka mafi aminci ga maci amana, domin tabbatar da cewa mutum ya karɓi kuɗi yana da wuya, cewa ya manta kuwa ba ya buƙatar shaida. Ana iya rarrabewa idan an so. Mai kuskure na gaskiya kurakuransa na faɗawa ta kowane gefe, wani ya cuci wannan, wani ya amfani wancan. Idan aka ga kurakuran jami'i kullum gefe ɗaya suke amfana, shekara bayan shekara, to akwai abin tambaya. Wannan lissafi ba ya buƙatar basira ta musamman, yana buƙatar wanda zai zauna ya jera fayilolin mutum ɗaya a tebur ɗaya ya karanta, da shugaban da zai bar shi ya yi.

Abin da ya biyo baya a Landan bai ƙaryata shirin ba. A watan da aka fara nuna zango na shida, Maris na 2021, wani ɗan sanda mai ci, Wayne Couzens, ya sace Sarah Everard ya kashe ta, ya yi amfani da katin aikinsa wajen tsayar da ita. An gano cewa an taɓa kai ƙorafe-ƙorafen tsiraici da suka shafe shi, ba a bi su yadda ya kamata ba. A Fabrairun 2023 aka yanke wa wani jami'in, David Carrick, ɗaurin rai da rai kan fyaɗe da cin zarafin mata da dama cikin kusan shekara ashirin, alhali sunansa ya sha zuwa gaban 'yan sanda ana barinsa da kaki da bindiga. Wata guda bayan haka rahoton Baroness Louise Casey ya ce wariyar launi da ƙin mata da ƙyamar masu neman jinsi sun zauna a tsarin rundunar. A Yulin 2023 sabon shugabanta, Sir Mark Rowley, ya nemi gafarar iyalin Daniel Morgan, ya amsa cewa rashawa da rashin iya aiki da kare kai ne suka dabaibaye lamarin, shekara 36 bayan kisan.

Saboda haka ina fatan duk ranar da za a ɗora labarin AC-12, kada a saurari masu neman a gyara musu ƙarshen 2021 ta hanyar fito da wani H na gaskiya daga bayan labule, a ce Buckells ɗan aike ne kawai na wani gwanin makirci. Masu kallo za su yi tafi, amma shirin zai janye maganar da ya faɗa daidai. Abin da ya rage a nuna shi ne Osborne a kujerar da Buckells ya zauna, rakoda na aiki, an ajiye masa takardun ƙarin girman mutumin ɗaya bayan ɗaya, ana tambayarsa wa ya ba da shawara, wa ya amince, kuma me aka gani a aikin Buckells da ya cancanci haka.